Daga Yawuri zuwa Argungu, ido ɗaya na Monako

Tun bakwai na safe na isa tashar Yawuri, amma sai wajen tara muka tashi, domin motar Birnin Kebbi ba ta motsi sai ta cika, kuma cikar mota a wajen ɗan kamasho daban take da cikarta a wajen fasinja. Sharon ce tsohuwa, an danna mata buhunan busasshen kifi a baya, an ja but da igiya. Ranar Asabar ce, 25 ga Mayun 2024. Abin da na faɗa wa mutanen gida shi ne zan je Argungu gaida kawuna, wanda ya daɗe yana aiko da saƙon cewa na yar da zumunci. Ba ƙarya na yi ba. Sai dai akwai abin da ya sa nake ta duba agogo: da ƙarfe uku na rana za a fara gwajin neman gurbi, wato wanda ke tsara jerin da motoci za su tashi ranar Lahadi, na tseren motocin Formula 1 a Monako, kuma ɗan kawun nan nawa, taubashina, bakanike ne da muka kamu da son tseren nan tare tun muna samari. Ya yi mini alkawarin talabijin da janareta.

Gaban mota na samu, ni da wani ɗan kasuwar albasa, muka matsu kusa da direba. Dattijo ne mai furfurar gemu, Bakabe da jin bakinsa, ba ya kunna rediyo kuma ba ya son surutun banza. Daga Yawuri hanya arewa take miƙewa, ka bar kogin Kwara ta hannun hagu, ka ratsa ƙasar Shanga zuwa Koko. An samu ruwan shuka a makon, ƙasa ta yi duhu, mutane sun fita gona, yara na bin iyayensu da ƙwaryar iri. Tireloli kuwa sai wuce mu suke suna gangarawa Kudu shaƙe da raguna, don Babbar Sallah saura mako uku.

Bayan Koko sabis ya dawo, na buɗe waya ina kallon guntun bidiyon atisayen da aka yi jiya. Baba direba ya saci kallo, ya sake sata, can dai ya kasa haƙuri.

"Mi kaka kallo haka, ɗana? Wagga aba mota ta ko hwara?"

Na ce masa mota ce, Baba, ta tsere, tana wuce kilomita 300 a awa. Na zaci zai yi salati a kan gudun. Ko a jikinsa. Tambayarsa ta direba ce:

"Mai nawa taka sha?"

Na ce doka ta yanke musu kilo 110, ba a wuce haka, kuma da shi za a yi tseren gaba ɗaya, kusan kilomita 305, babu ƙari a hanya. Monako ce kaɗai gajera, kilomita 260. Da kilo suke aunawa saboda mai yana kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi, nauyinsa kuwa ba ya canzawa, amma in an juya shi lita ya haura 140. Ya yi shiru yana motsa leɓe, sannan ya ce lita guda kilomita biyu ke nan, ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 babu direban haya da bai zama malamin lissafi ba, kuma na ga irin saurin da ya yi wannan rabawar ba takarda ba biro.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne da na ce sau da yawa ba sa ma zuba kilo 110 ɗin, alhali ba kuɗin mai ne ya dame su ba. Nauyi suke gudu. Ƙiyasin da injiniyoyinsu suka saba yi shi ne kowane kilo 10 na mai yana cin kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa a kowane zagaye. Ka ninka wannan sau hamsin ko saba'in, za ka ga ya isa ya raba na ɗaya da na huɗu. Don haka sai su zauna tun kafin tsere su yi ta auna: filin nan yana cin mai ko ba ya ci, ana yawan hatsari a cikinsa har motar kariya ta fito ta rage wa kowa gudu, ko kuwa ba a yi. In sun ga akwai yiwuwar za a yi zagaye da yawa a hankali, sai su rage man. In lissafin bai faɗa daidai ba, sai ka ji ana yi wa direba magana ta rediyo cewa ya riƙa ɗaga ƙafa daga totur tun kafin ya kai wurin taka birki, ya bar mota ta gangara da kanta. Mai kallo ba ya ganin wannan, sai dai ya ga na baya yana matsowa ya rasa dalili.

Kuma ba a yarda a ƙarar da shi ƙaf ba. A lokacin dole ne bayan tsere a iya zuƙo lita ɗaya daga tanki don alƙalai su gwada ko an yi masa haɗi. A Hungari a 2021 Sebastian Vettel ya zo na biyu da motar Aston Martin, ya hau dandamali, ya karɓi kofi, da aka je zuƙo man sai aka samu abin da bai kai rabin lita ba. Aka soke sakamakonsa duka. Ɗan kasuwar albasa, wanda na ɗauka barci yake, ya buɗe ido ya ce wannan zalunci ne. Baba ya ce a'a, in an ce lita guda, lita guda ta.

Daga nan har Maiyama labarin zamanin da ake shan mai a tsakiyar tsere na yi ta ba su, wato daga 1994 zuwa 2009. A shekarar farko ma, a filin Hockenheim na Jamus, mai ya fantsama a kan motar Jos Verstappen, mahaifin direban tsere Max Verstappen, wuta ta tashi ta lulluɓe shi da makanikansa, Allah ya sa aka kashe ta cikin 'yan daƙiƙu. Amma aka ci gaba, don a lokacin mai shi ne babban makamin dabara. Mota mai ɗan mai kaɗan tana tashi kamar iska amma za ta tsaya da wuri, mai tanki cike tana jan ƙafa amma za ta daɗe a waje. A Faransa a 2004 Michael Schumacher ya rasa yadda zai wuce Fernando Alonso a kan titi, sai mutanen Ferrari suka sa ya tsaya sau huɗu, kowane karo da ɗan mai kaɗan, yana gudu kamar ana neman gurbi, ya kuwa fito a gabansa ya ci. Tun daga 2003 kuma aka ɗaura gwajin neman gurbi da man tsere, ta yadda abin da ke tankinka ranar Asabar shi za ka tashi da shi ranar Lahadi. Sai ya zamana wanda ya fi kowa sauri ranar Asabar ba lalle ne ya fi kowa mota ba, wataƙila tankinsa ne ba komai. Akwai masu kukan a dawo da wancan zamanin. Ni ba na cikinsu. Na kalli tsere da yawa na lokacin, kuma abin da nake tunawa shi ne direbobi ba sa wahalar da kansu wajen wuce juna a fili, kowa jira yake abokin karawarsa ya shiga gareji. Sannan ga abin da ya samu Felipe Massa a Singafo a 2008: yana kan gaba, aka ba shi alamar tashi tiyon mai na maƙale a jikin motarsa, ya fizge shi ya ja shi har ƙarshen layi, ya ƙare na 13. A ƙarshen shekarar maki ɗaya ne tak ya raba shi da Lewis Hamilton a gasar duniya. Da aka hana shan mai a 2010, ni dai ban yi kuka ba.

A Jega muka tsaya shan namu. Jega mahaɗa ce, nan hanyar Sakkwato ta Aliero da Tambuwal take rabuwa da ta Birnin Kebbi, kuma duk motar da ta taso daga Kontagora ko Yawuri a nan take numfasawa. Wani gidan mai ne kaɗai ke sayarwa a gefen da muke, layi ya fito har titi, 'yan bumburutu na zaune a gefe da jarkokinsu suna jiran wanda haƙurinsa zai ƙare. Da layi ya zo kanmu sai muka faɗa famfon farko, na bakin ƙofar shiga. Aka zuba mana cikin minti biyu, Baba ya biya, ya tada mota. Ina hanya? Duk motocin da ke zuwa famfunan gaba ta gefenmu suke wucewa, hanci da wutsiya, ba mai ba mu ko taku ɗaya. Wata Golf da ta shigo bayanmu ta sha a famfon ƙarshe, na bakin fita, ta kama titi muna kallo.

Na ce Baba, abin nan da ya same mu shi ne ya hana Hamilton cin tseren Hungari na 2021, wancan dai da aka kori Vettel.

Layin gareji a filin tsere titi ne siriri da ke gefen babban titin, kowace ƙungiya da ƙofarta a jere. A Formula 1 matsayin da ƙungiya ta ƙare a bara shi ke tsara jerin, kuma a yawancin filaye zakara ce ke samun ƙofar farko, ta bakin shiga, ta ƙarshe a tebur kuma a tura ta can bakin fita. A ranar da komai ke tafiya daidai ƙofar farko alheri ce, domin direba zai shigo kai tsaye ba tare da ya kauce wa makanikan wasu ba. Ranar ta Hungari ba haka ta zo ba. An tashi cikin yayyafi, Valtteri Bottas ya makara wajen taka birki a kwanar farko ya haddasa karo, aka ɗaga jar tuta, alamar dakatar da tsere. Kafin a share fili rana ta fito. Da aka zagayo don sake tashi, kowa ya ga titi ya bushe, sai duk motocin da suka rage suka karkata gareji don sa tayar rani. Hamilton kaɗai ya je ya tsaya a sahu, mota ɗaya tilo a gaban fitilu, abin da ba a taɓa gani ba. Mutane suka yi ta zagin ƙungiyarsa Mercedes, amma ga abin da suka hango: ƙofarsu ce ta farko, in ya shiga ya tsaya, duk ayarin zai bi ta gefensa, kuma doka ta hana a saki mota a gaban mai tahowa. Zai gama sauya taya ya zauna yana kallo kamar yadda muke zaune a Jega. Hatsarin ba na wasa ba ne, don a cikin wannan cunkoson aka saki Kimi Raikkonen ya daki motar Nikita Mazepin, tseren Mazepin ya ƙare a nan. George Russell kuwa, da yake ƙungiyarsa Williams ce ta zo ta ƙarshe a 2020 kuma ƙofarta na bakin fita, sai ga shi a gaban ayari, har sai da aka ce ya mayar da guraben da ya tsallake. Hamilton ya shiga bayan zagaye ɗaya, ya koma na ƙarshe, ya yi ta fama har ya ƙare na uku, ya koma na biyu da aka soke sakamakon Vettel, Esteban Ocon ya ci tserensa na farko. Har yau ina ganin da ya shiga tare da kowa da ya fi masa, amma ban ce wauta ce tsagwaronta ba.

A Amurka, a gasar NASCAR, ba sa barin abin ga sakamakon bara. Wanda ya zo na ɗaya a neman gurbi shi ke fara zaɓar wurin tsayawarsa, kuma kusan kullum na bakin fita yake ɗauka, inda ba kowa a gabansa. Baba ya ce waɗannan su ne masu hankali. A daidai lokacin wani yaron mota ya tare mana hanya da hannu, muka samu muka fita.

Kalgo muka wuce ba tsayawa. A Birnin Kebbi na yi sallama da Baba, ya ce in gaida masu motocin hwara, na yi azahar a masallacin tasha, na faɗa motar Argungu da ta rage mutum ɗaya. Hanyar ba ta da nisa. Ka wuce Ambursa inda filin jirgin sama yake, sai fadama ta buɗe ta hagu, an gama girbin shinkafar rani, ana shanya a kan tamfol a bakin titi. Uku saura kwata na sauka.

Ba a shiga gidan kawu a ce ana sauri. Na durƙusa, ya riƙe hannuna, aka fara daga lafiyar mahaifiyata, aka bi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi ruwa ya sauka a Yawuri ko bai sauka ba, aka kawo fura. Taubashina na tsaye a bakin zaure yana nuna mini agogon hannunsa yana murmushin mugunta. Kawu ya lura. Ya ce, "Ku tahi, na san abin da ad da ku. In kun ƙare shirmenku ka dawo mu gaisa da kyau."

Garin kuwa ya watse zuwa gidajen kallo, amma ba don mu ba. A daidai wannan ƙarfe ukun ake buga wasan ƙarshe na kofin FA tsakanin Manchester United da Manchester City, kuma babu mai gidan kallon da zai juya tasha ko da za ka biya kuɗin benci goma. Garejin taubashina muka nufa, rumfar kwano a bayan kasuwa, ya ɗora talabijin a kan tsohon firji, yaran shagonsa biyu da ba su samu kuɗin shiga kallon ƙwallo ba suka zauna a kan taya.

"Bawana, ka makara, har an hwara," in ji shi.

Tsarin da ake bi tun 2006 tankaɗe da rairaya ne. A 2024 zangon farko minti 18 ne, motoci 20, a zubar da biyar mafi jinkiri. Na biyu minti 15, a sake zubar da biyar. Na uku minti 12, goman da suka rage su raba guraben gaba. A nan babu maganar tanki cike, ɗan abin da zai isa zagaye kaɗan ake zubawa, mota ta zama ba nauyi. Ko a nan ma akan yi ganganci. A Sifaniya a 2012 Hamilton ya fi kowa sauri da tazara mai yawa, amma McLaren, ƙungiyarsa a lokacin, ba su zuba masa abin da zai dawo da shi gareji ba, ya tsaya a hanya, aka mayar da shi sahun ƙarshe. Pastor Maldonado na ƙungiyar Williams ya gaji gurbin, ya kuma ci tseren, nasarar da Williams ba ta sake samun irinta ba.

Monako ta fi ko'ina tsanani, shi ya sa na ƙi yarda ta wuce ni. Titin gari ne, kilomita 3.337, ƙarfe a dama ƙarfe a hagu, motocin 2024 kuma faɗinsu mita biyu. Wuce mota a nan sai dai in na gaba ya yi kuskure. Saboda haka Asabar ɗin ita ce rabin tsere, wasu ma su ce duka. Matsalar farko cunkoso ne: motoci 20 a ɗan wannan fili, kowa na neman sarari a gabansa. Za ka gan su sun yi layi a bakin fitar gareji tun kafin fitila ta zama kore, kowa na jan jiki don ya bar tazara, taya kuma na hucewa. Na biyu lokacin fita. Duk zagayen da aka yi, roba na ƙara kwanciya a kan kwalta, titi na ƙara riƙo, don haka wanda ya fita a ƙarshe shi ke samun titi mafi kyau. Amma in wani ya daki katanga kafin ka gama, an ɗaga tuta, zagayenka ya tafi a banza. Charles Leclerc na Ferrari ya samu gurbin farko haka a 2021, ya yi hatsari yana kan gaba, sauran suka rasa damarsu ta ƙarshe, sai dai motar ta ƙi tafiya ranar Lahadi, ko tashi bai yi ba. Schumacher kuwa a 2006 ajiye motarsa ya yi a kwanar Rascasse kamar ta ƙwace masa, alƙalai suka ce da gangan ne, suka mayar da shi baya.

A zangon farko aka zubar da Sergio Perez na Red Bull da Alonso. Taubashina, wanda ɗan Ferrari ne na gani-kashe-ni, ya tashi ya taka rawa. Ana cikin zango na biyu sai ihu ya tashi daga gidan kallon da ke bayanmu har kwanon rumfa ya amsa, United ta jefa ƙwallo, yaran nan biyu suka zabura suka bar mu. A zango na uku Max Verstappen, wanda ya zo da gurbin farko takwas a jere, ya goga katanga a kwanar farko ya ƙare na shida. Leclerc ya yi zagayensa a minti 1 da daƙiƙa 10.270, Oscar Piastri na McLaren na biye da shi, sai Carlos Sainz na Ferrari, sai Lando Norris na McLaren. Taubashina bai yi murna sosai ba. Ya ce ya ga irin wannan a 2022, Leclerc na kan gaba, aka kira shi gareji a lokacin da bai dace ba, aka sake kiransa ya tarar da Sainz a ƙofa ya tsaya jira, ya ƙare na huɗu. Ya ce shi ba direban yake tsoro ba, mutanen da ke zaune gaban kwamfuta yake tsoro.

Da daddare aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, muka gaisa da kawu da kyau. Da ya ji abin da muka je kallo sai ya ce ai Argungu ba baƙuwar tseren mota ba ce, a bikin kamun kifi akan yi gangamin motoci su taso daga nesa su ƙare a nan, kuma da aka dawo da bikin a 2020 daga Abuja suka taso. Amma a wajensa duk wannan ƙari ne. Bikin na ruwa ne, tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Ya yi ta ba ni labarin homa da gora da giwan ruwa har barci ya fara ɗibata.

Da safe na leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, sarakuna suka zauna cikinta har 1942. Akwai sulke da masu da tambura, akwai kuma kaburburan sarakunan Kabi a ciki. Daga nan na gangara Matan Fada. Ba lokacin biki ba ne, ruwan ya ja baya, kamun kifi a wurin kuma haramun ne sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe. Wasu mata na wanki can nesa, wani yaro na shayar da shanu. Ban daɗe ba, rana ta fara duka.

Ƙarfe biyu aka tashi, kuma ranar ba babban wasan ƙwallo irin na jiya, don haka rumfar ta cika. Ba a kai ko'ina ba, a hawan da ke bayan kwanar farko, Kevin Magnussen ya taɓa Perez, motar Red Bull ta daki katanga ta wargaje, ta haɗa da Nico Hulkenberg. Jar tuta. Perez ya fito da ƙafarsa, wani dattijo a bayana ya ce wannan ko dai yana da layar ɓata ko kwanansa na gaba. Gyaran katangar ya ɗauki lokaci har man janareta ya yi ƙasa, aka aiki yaro wajen 'yan bumburutu, taubashina ya ce baƙo ne zai biya.

A wannan zaman jiran ne tseren ya mutu, kodayake mutanen rumfar ba su sani ba tukuna. Doka ta ce in babu ruwan sama dole kowane direba ya yi amfani da taya iri biyu cikin ukun da kamfanin taya Pirelli ke kawowa, mai laushi da matsakaiciya da mai tauri. Wannan ne ke tilasta tsayawa, tsayawa kuma ita ce kaɗai ƙofar dabara a Monako. Sauya tayar kanta ba komai ba ce, mutum kusan ashirin ne ke rufar wa mota, uku a kowace ƙafa, McLaren ma sun taɓa yi a daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Abin da ke ci shi ne ratsa layin garejin a hankali, kilomita 80 a awa a yawancin filaye, 60 a Monako, wanda ke lashe kusan daƙiƙa ashirin. Duk wasan a kan wannan ashirin ɗin yake: ka riga na gabanka shiga ka fito da sabuwar taya ka ci masa lokaci, ko ka daɗe a waje ka jira ya faɗa cunkoso. To amma an yarda a sauya taya lokacin jar tuta, kuma ana ƙirga ta. Kowa ya sauya a tsaye, kyauta. Ferrari da McLaren da suka tashi da matsakaiciya suka sa mai tauri, wadda za ta kai su ƙarshe. Russell da Verstappen da Hamilton da suka tashi da mai tauri, da niyyar daɗewa a waje, suka koma matsakaiciya, dole su lallaɓa ta zagaye saba'in da wani abu.

Sai aka shiga jerin gwano. Leclerc na tafiya a hankali da gangan, kuma na yi ta ƙoƙarin bayyana wa na kusa da ni dalili: in ya saki gudu, su huɗun gaba za su yi wa Russell nisa, in tazarar ta kai daƙiƙa ashirin Norris zai iya shiga ya sa sabuwar taya ya fito bai rasa gurbinsa ba, ya dawo ya addabi Sainz. Don haka na ɗaya yake jan ƙafa saboda na biyar. Ni wannan ya ishe ni kallo, idona na kan lambobin tazara a gefen allo. Mutanen rumfa kuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya ga ɗaurin aure da aka fi wannan gudu. Verstappen ma ya yi ƙorafi ta rediyo cewa abin ya gundure shi. Da aka kammala zagaye 78, goman farko sun ƙare daidai yadda suka tashi, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gasar. Leclerc ya zama ɗan Monako na farko da ya ci tseren garinsu tun Louis Chiron a 1931, ya yi maganar mahaifinsa da ya rasu a 2017 muryarsa na rawa. Taubashina ya juya baya yana goge ido da tsumman gareji, ya ce hayaƙin janareta ne.

Litinin da sassafe na bi ta Sakkwato na koma bakin aiki.

Shekara na zagayowa hukumar tseren ta ce ta gano maganin abin, ta wajabta tsayawa sau biyu a Monako a 2025. A waya muka kalli wannan ni da shi, kowa a garinsa. Norris ya tashi daga gurbin farko ya ci. A tsakiyar ayari kuma ƙungiyoyi suka fito da sabuwar dabara: direba ɗaya ya toshe hanya yana rarrafe don abokinsa ya samu tazarar shiga gareji kyauta. Racing Bulls suka fara, Williams suka ɗauka, har Russell ya gaji da bin bayan Alex Albon na Williams ya yanke kwana da gangan ya wuce shi, ya karɓi hukunci. Ana gamawa taubashina ya kira, ban ko yi sallama ba ya ce in shirya, bana tseren Sifaniya zai zo kallo a Yawuri, kuma man janareta a kaina yake tunda ni ne mai gida.